Suna Wurin Aiki

Akwai wani mutum a jiharmu mai suna Wendell Tharp. Mutumin kirki ne, amma da shegen son a gode masa.

Shi ke riƙe da shirin ɗalibai masu naƙasa a kwalejin garinmu: makafi, kurame, masu keken guragu, da waɗanda karatu ke yi wa nauyi. Ya koya musu aiki, ranar da kamfanoni suka zo kwaleji ɗaukar ma'aikata kuma ya tasa su gaba daga wannan tebur zuwa wancan, har sai an saurare su. Gashin kansa a kan wannan aikin ya yi furfura.

Kwatsam aka ce kuɗin jiha sun yi ƙasa, aka sa shirin cikin abubuwan da za a soke. In kwamitin kasafin kuɗi ya amince, shi ke nan, ɗaliban da ke ciki su tattara su koma gida.

Halin majalisa kuwa kun san shi. Ranar sauraron jama'a, wanda ya cika ɗaki da mutane shi ake ji. Ga tsautsayi: an sa zaman ranar Talata, ranar da kamfanoni za su zo kwaleji. Ɗaliban yanzu ba su taɓuwa. Saura tsofaffin ɗalibai.

Wendell ya ɗauki hayar bas, ya buga shuɗɗan riguna, ya sayi kofi da burodin sanwici kwali-kwali. Sannan ya kira Nadine Purcell, wata tsohuwar ɗalibarsa mai keken guragu, da ke aiki a tagar ofishin sabunta lambar mota, ya ce ta zo zaman majalisar.

"Talata? Haba Mista Tharp, ƙarshen wata ne fa. Layi har waje."

"Ki ce musu ba ki da lafiya."

"Ni? Ƙafafu ne suka ƙi, amma ni garau nake. Da ƙyar na sa mutanen nan suka daina yi mini kallon wadda za ta riƙa fashi. Yanzu in yi ƙarya?"

"To wa ya samo miki aikin?"

"Kai ka kai ni bakin ƙofa, na gode. Amma ni na shiga."

Ya kashe waya yana huci. Ya kira na gaba, shi kuma ya ce yana da kaya da zai sauke. Wata ta ce ita ke buɗe shago. Duk wanda ya kira, zancen ɗaya ne. A ransa ya ce butulci dai bai yi ba.

Ranar Talata bas ta kama hanyar babban birni cikin dusar ƙanƙara, daga shi sai direba sai sanwici.

A ɗakin kwamiti, 'yan kwangilar hanya sun cika ɓangare guda da hulunansu. Wendell ya bi jerin kujerun gaba yana ɗora riga a kan kowace, ko wani zai sake shawara ya biyo baya. Ko ƙuda bai shigo ba.

Da aka kira shi, bai gama gaisuwa ba wani tsohon sanata, Orville Crane, wanda ya shahara da yanke kuɗi da baƙar magana, ya sauke tabarau.

"Mista Tharp, an ce shirin nan ya taimaki mutane da yawa. Ni dai riguna nake gani. Ko su ne za su ba da shaida?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Kunya da haushi suka kama Wendell. Jawabin da ya haddace ya gudu, sai abin da ke cin ransa ya fito.

"Sun ƙi zuwa, ranka ya daɗe. Suna wurin aiki."

"Suna ina?"

"Wurin aiki. Na roƙe su, sun ce ba za su yi fashi ba."

Dariyar ta ɗauke ɗif. Shugabar kwamiti ta ajiye biro, ta dubi kujerun, ta dube shi.

"Dukkansu?"

Sai a lokacin Wendell ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya juya ya kalli kujerun nan kamar bai taɓa ganinsu ba.

Sanata Crane bai yarda ba. Ya ce, "Faɗa ai ba wuya. Kira mana ɗaya mu ji."

Wendell ya kira na farko, ya kara wayar a bakin lasifika. Ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Na biyu ma haka. Jama'a, ƙarar waya ce kawai a ɗakin nan, amma ba mai tari. Ya kira Nadine. Ta ɗauka, ba ta ko jira ya yi magana ba.

"Mista Tharp, don Allah! Na ce maka ina aiki. Mutane ne cike a gabana, ga wani bawan Allah ya manto takardunsa yana neman ya cinye ni. Ka gaya wa sanatocin nan su bar shirin, akwai yara a baya. In suna son ganina su zo su bi layi. Na gaba!"

Ƙit, ta kashe.

Majalisar jiha guda aka kashe wa waya. Wani ɗan kwangila ne ya fara tafi, sauran suka cire huluna suka bi shi. Sanata Crane ya daɗe yana kallon rigunan, sannan ya mai da tabarau.

"Shekaruna a kujerar nan, kowa kawo mini mutane yake yana kuka. Yau na ga wanda ya rasa na kawowa." Ya juya ga shugaba. "A cire shirin nan daga abin da za a soke."

Aka kaɗa ƙuri'a, shirin ya tsira.

Wendell bai wuce gida ba. Ya sa direba ya sauke shi a ofishin lambar mota, ya shiga layi kamar kowa. Da ya iso taga, Nadine ta ɗaga kai.

"Sanatocin fa?"

"Kin gama da su. Ni kuma haƙuri na zo bayarwa."

Idonta ya ciko. Ta goge da bayan hannu.

"An haƙura. To matsa, Mista Tharp, ka tare mini layi."

Darasi: In ka taimaki mutum ya tsaya da kansa, kada ka ji haushi ranar da ya kasa amsa kiranka don yana riƙe da abin da ka ɗora shi a kai. Wannan ita ce godiyar, ba tafi ba. Masu naƙasa kuma ba kayan nuni ba ne, dama suke nema. Ku tura wa duk wanda ke yawan cewa an yi masa butulci, ya karanta ya sake lissafi.