Ƙofofin Kura Arba'in

Ga ta nan, ga ta nanku!
Ta zo mu ji ta.

A garin Jiki, Jaki ke raba ƙarfen da ake haɗa jini da shi. Kowane gida na da ƙofa ɗaya mai zuƙe rabonsa. Sai yara suka fara ɗashewa.

Bushiya ta tare shi: "Baba Jaki, ina rabonmu?"

Ya ce, "Gidan Kura ke shanyewa."

Suka je, suka riƙe baki. Ƙofa arba'in Kura ta huda!

Bushiya ta ce, "Innalillahi! Kashe mu za ki yi?"

Kura ta ce, "Ku huda naku mana!"

Washegari Bushiya ta shafe ƙarfen da dafi. Ƙofofin Kura suka zuƙe shi tas, ko ƙwaya ba su bar wa kowa ba. Kafin azahar gidan Kura ya yi tsit, dafin ya gama da ita.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu!