Gafiya da Alawar Dila

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta!

To, ku matso kusa. Mai alawa a baki ya cire ta tukuna.

An yi wata Gafiya da ke zaune a gindin tsamiya da 'ya'yanta uku: Tunau ne babba, sai Kyallu, sai Auta. A dajin nan akwai Dila, wanda ya daɗe yana kwaɗayin naman 'ya'yan gafiyoyi. Amma duk sanda ya ɗana raga, kafin ya iso sun gaigaye igiyar sun tsere. Ya zauna ya yi nazari, ya ce, "Ashe ba ƙafa ke cetonsu ba, haƙori ne."

Azumi ya ƙare, aka ga wata, gari ya waye Sallah. Sai ga Dila cikin babbar riga, ya jera farantai a bakin hanyar idi: ga alawar madara, ga gullisuwa, ga nakiya, ga mazarƙwaila.

"Ku zo, 'ya'yana, barka da Sallah!" in ji shi. "Kyauta ce. Amma ku ji sirri: zaƙin Sallah ba a wanke shi. A ajiye shi a kunci, a yini da shi, a kwana da shi, sai albarkarsa ta shiga jiki."

Tunau ya rugo gida da alawa cike da hula, ya gaya wa uwarsa duk abin da ya ji.

Gafiya ta ce a ranta, "Ruwa ba ya tsami banza. Dilan da ko ƙashi bai taɓa ba wani ba?" Ta sansana alawar, ta lasa, ta jira. Babu guba. Ta yi ta juya maganar nan ta kada a wanke, har ta gane. "Ba cikinsu yake nema ba," in ji ta, "bakinsu yake so ya kashe."

Ta san hana yaro alawa ranar Sallah ɓata baki ne. In ka hana shi a gida, zai sha a bayan danga. Sai ta tashi ta je gindin darbejiya, ta karyo asuwaki, ta ɗebo ruwa, ta tara 'ya'yanta.

"Alawa za ku sha," in ji ta, "amma bayan tuwo, kuma a gabana. In an gama, ga doka: a ci, a kurkure, a goge!"

Tunau ya tauna asuwakin ya yamutsa fuska. "Inna, ɗaci!"

"Ɗacinsa ba ya kwana. Ciwon haƙori shi ke kwana da mutum. Goge!"

Ya goge.

Kashegari Kyallu ta dawo daga yawon Sallah, kunci ya kumbura gefe guda.

"Kyallu, ina gajiya?"

"Mmm."

"Kin gaida kakarki?"

"Mmm."

"Yau kuma kurciya na haifa? Buɗe bakin nan!"

Sai ga curin nakiya manne da turamen haƙori. Kyallu ta ce, "Inna, Baba Dila ya ce albarka ce."

"Albarkar da ake ɓoye wa uwa ba albarka ba ce. A ci, a kurkure, a goge!"

Ta goge.

Rana ta uku asuwaki ya ƙare. Gafiya ta nufi darbejiya, sai ta tarar Dila ya shimfiɗa buzu a gindinta, ya miƙe ƙafa, don labarin asuwakin ya riga ya iso masa.

"Uwar Tunau, ina zuwa cikin ranar nan? Matso inuwa mana."

"Na gode, Malam Dila. Wucewa nake."

Ba ta koma gida ba. Ta san da wata darbejiya a ƙetaren rafi. Ta bi ta cikin ƙaya, ta tsallake rafi ruwa iya wuya, ta karyo dami guda ta ɗauko a ka. Ba ta iso gida ba sai la'asar, ƙafa duk ta kumbura.

Sai Auta ya ce shi fa ba zai goge ba. Ya faɗi ƙasa yana birgima, yana ihu, har maƙwabciyarsu Yalwa ta leƙo.

"Haba, Uwar Tunau! Sallah fa ake yi. Ki bar yaro ya sha daɗinsa. Nawa ga su can, ban takura wa kowa ba."

Gafiya ta dubi hawayen Auta, zuciyarta ta karye, har ta fara sassauta hannu. Sai ta tuno Dila a miƙe kan buzu. Ta ce, "Yalwa, Sallah baƙuwa ce, gobe za ta tafi. Haƙori ɗan gida ne." Ta ɗora Auta a cinya, ta goge masa da hannunta, ɗaya bayan ɗaya, yana kuka tana rarrashi: "A ci, a kurkure, a goge."

Da Sallah ta wuce, Dila ya ba kowane yaro babban ƙunshi, wai guzuri har Babbar Sallah. Gafiya ta zuba nasu a tukunya ta rufe. Sai bayan tuwo take gutsuro musu kaɗan. Yaran unguwa kuwa tsotsa safe, tsotsa rana, tsotsa a kan tabarmar barci. Sannu a hankali haƙoransu suka yi baƙi, suka rarake.

Wata safiya, ana saura kaɗan Babbar Sallah, Gafiya na daka sai ta ji kururuwa daga dandali. Ta yar da taɓarya ta sheƙa. Ta tarar Dila ya rufa raga a kan yaran unguwa duka, ya ɗaure bakinta, ya rataye ta can saman reshe, ya tafi neman itacen gashi. Iyaye sun taru a ƙasa suna salati. Gafiya ta yi tsalle, ba ta kai ba. Ta kama bishiyar za ta hau, ashe Dila ya shafe ta da mai.

Ta ɗaga murya. "Ku gaigayi igiyar!"

'Ya'yan Yalwa suka kafa baki, suka saki da ƙara. "Wayyo haƙorina!" Sauran ma haka.

"Tunau! Kyallu! Auta! Ku kama wuri guda, kada wanda ya ɗago!"

Ƙaras, ƙaras, ƙaras. Igiya ta tsinke. Ƙaras, ƙaras, ta biyu ta tsinke. Raga ta yage, yara suka zubo ƙasa kamar 'ya'yan kanya, kowace uwa ta suri nata.

Sai ga Dila. Ya watsar da itace ya daka tsalle, ya cafko wutsiyar Auta da baki, ya datsa da iyakar ƙarfinsa. Sai aka ji ruƙus! Ashe duk tukunyar alawar da ya dafa sai ya lashe muciya, ya kankare ƙanzo, bai taɓa sanin asuwaki ba. Haƙoransa suka zube a ƙasa kamar ɓawon gyaɗa. Gafiya ta fizge ɗanta, suka faɗa rami. Dila ya dafe muƙamuƙi ya nausa daji yana kuka. Kukan nan da kuke ji daga bayan gari, shi ne har yau.

Da yamma Yalwa ta yi sallama, kai a sunkuye. "Uwar Tunau, ki nuna mini inda ake karyo abin nan."

Gafiya ba ta yi mata gori ba. Ta ce, "Ki kwana da shiri. Da sassafe za mu fita, ki taho da yaran."

To, kun ji. Ba duk mai ba ka zaƙi ke ƙaunarka ba, kuma uwar da ta sa ka kuka yau, dariyarka ta gobe take tsarewa. Wanda ya sha alawa a cikinku, ga buta can, ga asuwaki, kafin ya taɓa tabarma.

Ƙurunƙus! Yau dai ba kan ɗan ɓera ba, kan Dila.