Mil Arba'in da Uku da Rabi

To, tunda layin lodi bai zo kanku ba, ku matso ku ji wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Kai Ilu, kife wayar nan, ba guduwa za ta yi ba. Shekara arba'in ina facin taya a tashar nan, na ga motoci iri-iri, amma guda ɗaya ce tak na taɓa miƙewa tsaye don za ta wuce. In na gama ku za ku yanke hukunci, don ni na kasa.

A garin Dogon Marke an yi wani direba, Malam Tanimu. Yana da wata mota ƙirar da, mai dogon hanci da manyan fitilu, shuɗiya, har launin ya zame mata suna, kowa Shuɗiya yake ce mata. Aibinta ɗaya ne. Mitarta ta asali, wadda ke ƙirga nisan tafiya, ta taɓa mutuwa, wani makaniken bakin hanya ya ɗaura mata ta wata mota daban. Tun daga ranar ƙirgarta ta saɓa da ta kowace mota. Malam Tanimu kan yi dariya ya ce ƙarya take yi, amma ƙaryarta iri ɗaya ce kullum, shi ya sa ya yarda da ita.

Matarsa Lantana ta haifa masa maza biyu, Sallau mai shekara bakwai da Ɗayyabu mai shekara uku. Ciki na uku ne ya zo da gardama. Ana tsakiyar damina, wata safiya naƙuda ta tsananta, ungozoma ta ce a yi asibitin birni da ita. Malam Tanimu ya kwantar da ita a kujerar baya, ya kama tsohuwar hanyar burji. Sun yi nisa sai sama ta tsinke da ruwa. Rafin da ke gabansu ya cika ya batse. Ya juya zai koma, na baya ma ya cika. Wasu Fulani da suka yada zango kusa da hanya ne suka kawo ɗauki, matansu suka karɓi haihuwar a cikin motar. Lantana ta ji kukan jaririya, ta tambaya mace ce ko namiji, aka ce mata mace. Kafin la'asar rai ya yi halinsa. Ruwa bai janye ba sai bayan kwana biyu, don haka a nan gefen hanya aka yi mata sutura.

Direba dai direba ne ko cikin tashin hankali. Kafin ya ta da mota zuwa gida, hannunsa ya kai kan mita ya mayar da ita sifili. Da ya iso, ya miƙa wa ƙanwarsa jaririyar, ya zarce da motar cikin siton harawarsa da ke bayan gida, ya duba mitar, ya ɗauki ƙusa ya karce lambar a jikin ƙarfen da ke gaban sitiyari: mil arba'in da uku da rabi. Washegari ya kira magini aka ja katanga a tsakiyar siton, aka rufe motar a ciki. Yara aka ce musu an sayar. Manyan da suka san gaskiya suka ja bakinsu, don tausayi.

Bai sake riƙe sitiyari ba, noma ya koma. Sau biyu ya ɗauki hayar motar wasu, aka auna masa mil arba'in da uku da rabi, sau biyun kuma aka sauke shi a inda bai taɓa gani ba. Fulanin sun tashi, ciyawa ta rufe wurin. Daga baya aka yi kwalta ta wani ɓangaren, gonaki suka cinye tsohuwar hanya. Jaririyar kuwa Marka aka sa mata, saboda ruwan da aka haife ta a ciki. Bai taɓa ɗaga mata murya ba, amma bai taɓa iya kallon fuskarta ya daɗe ba, don uwarta ce sak.

Shekara talatin da uku ana haka. Wata damina rufin siton ya rufta, katangar ta bi shi. 'Ya'yan suka taru don kwashe ƙasa, sai ga Shuɗiya zaune a kan tayoyin da suka ruɓe, ɓeraye sun yi gari a cikinta. Sallau ne ya fara gane ta, ya zauna a kan ƙasar nan, ƙato da shi, yana kuka. Lokacin Malam Tanimu ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani, ƙafafu sun kumbura. Ya sa aka kai shi, ya shafa jikin motar, ya lalubi lambar da ya karce.

Ya ce, "Ƙarya na yi muku, ban sayar ba. Ita kaɗai ta san inda uwarku take. Ina so in je in yi mata sallama kafin a kira ni. Ban san da wane ido zan dube ta ba in ta tambaye ni ko na taɓa dawowa."

To, ga abin da kowannensu ya yi.

Sallau makanike ne, yana da gareji a birni da mutane ke layi a kansa. Ya rufe shi ya dawo gida. Ku da kuke canza mota duk shekara uku ba ku san abin da ake nufi da inji ya kafe ba. Fistin ɗin nan sun manne kamar an yi musu walda. Sati shida yana ɗura musu mai ta ramin fulogi, kullum da safe ya sa ƙarfe ya ɗan motsa, ba ya matsawa don kada wani abu ya karye, tunda in ya karye babu inda za a samo irinsa. Ɓeraye sun cinye wayoyi kaf, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sake. Rina ta yi gida a kafireta. Tankin mai ya zama rariya, ya cire ya liƙe shi da hannunsa. Abokan sana'a suka ce ya ɗora mata injin zamani ya huta, ya ce a'a, wani injin zai zo da wani giya, ƙirgar kuma ta canza. Masu kawo masa gyara suka gaji da jira suka koma wasu garejin. Shi kuwa duk lokacin da ya buɗe ƙofar baya sai ya tuna yadda uwarsu ke ɗora shi a cinya in za a je kasuwa, don shi kaɗai ne a cikinsu ya riƙe fuskarta. A wata na huɗu, wani hantsi, Shuɗiya ta yi tari sau uku ta kama. Malam Tanimu yana cikin ɗaki ya ji, ya ce a gaya wa Sallau ya rage mata mai kaɗan, tana shaƙewa.

Ɗayyabu direban babbar mota ne. Shi uban ya gaya wa cewa inji kaɗai ba zai yi ba. Mita da juyin taya take ƙirga, in aka sa taya mai wani girman, lissafi ya tashi a banza. Ga shi an daɗe da daina yin irin tayar, ga kuma igiyar ƙarfen da ke juya mitar tsatsa ta tsinka ta. Ɗayyabu ya nemi hutun sati biyu wurin maigidansa, ya yi wata uku, kafin ya dawo an ba wani motar. Ni kaina ya zo wurina, na ce masa rabona da irin wannan taya tun ina da haƙora. Ya bi Kano, ya bi Katsina, ya tsallaka Maraɗi, ya kai Damagaram. Biyu ya samu a shagon wani marigayi, a naɗe da takardarsu, magada ba su ma san ta mece ce ba. Ɗaya a jikin amalanken shanu ya gan ta, ya bi mai amalanken har ƙauyensu. Ta huɗun kuwa sai da zazzaɓi ya kwantar da shi kwana tara a garin da bai san kowa ba, kafin ya same ta. Igiyar mita a jikin wata mushen mota ya same ta, a gidan wata tsohuwa da kajinta ke ƙwai a ciki. Ta ce ko nawa zai ba ta ba za a taɓa ba, sai da ya zauna ya gina mata akurki da hannunsa. Shi bai riƙe fuskar uwarsa ba. Abin da ya riƙe ƙamshin zanenta ne kawai, kuma ya ce mini duk kasuwar da ya shiga sai ya samu kansa yana shinshina iska.

Marka ungozoma ce a asibitin ƙaramar hukuma, kun san dalili ba sai na faɗa ba. Ita ta ce da yayyenta mota da taya ba za su amfana komai ba in babu hanyar, don in an kauce wa lanƙwasar hanya ko ɗaya ƙirga ta ɓaci. Hanyar kuwa ta mutu. Sai ta nemo wani tsohon leburan hanya da ya yi aikin burjin yana saurayi, da wasu tsofaffin masu koren shanu. Duk ranar da ba ta aiki, da ƙafa take shiga daji. Inda tsohon ya ce nan hanya ta karkata, sai su tona ƙasa har su ga jan tsakuwar burji, ta ajiye dutse ta shafa masa farar ƙasa. Wani wuri hanyar ta bi ta tsakiyar gonar dawa, wani wuri ta bi ta bayan masallacin wani sabon ƙauye, wani wuri ta nutse cikin kwazazzabo, sai da ta tara gayya aka cike. Manoma sittin da wani abu ta bi gida-gida tana roƙon su bari mota ta ratsa gonarsu bayan girbi. Wani mai taurin kai ya ƙi sau uku, ta koma na huɗu, ta tarar matarsa na naƙuda, ta karɓi haihuwar, sannan ya yarda. Ƙafafunta suka faffashe. Abin da ya fi ci mata rai, ta san tabbas ta wuce ta gefen uwarta, ba sau ɗaya ba, kuma ba ta san a ina ba.

Da aka gama girbi, jikin tsoho ya ƙara yin ƙasa, suka ce ba sauran jira. Wata Alhamis da safe aka tsayar da Shuɗiya a daidai inda ta kwana shekara talatin da uku, aka mayar da mita sifili. Sallau ya riƙe sitiyari, uban yana gefensa. Ɗayyabu ya leƙo daga baya idonsa a kan mita, Marka tana nuna duwatsunta. Ta nan gaban rumfata suka wuce, ranar ce na miƙe tsaye. Tafiyar da a da ake yi cikin awa biyu, sai da suka kai azahar. Ɗayyabu yana faɗin lamba, tsoho yana motsa baki. Ɗayyabu ya ce arba'in da uku. Can ya ce, "Da rabi."

Fili ne kawai na karan gero, da wata bishiyar kanya. Malam Tanimu ya sa aka sauko da shi. Ya ce a juya shi gabas, ya ƙirga taku ashirin yana jan ƙafa, ya ce su tona nan, don ranar ya kafa ƙarfen cire taya a wajen kan kabarin. Suka tona babu komai. Suka matsa gaba, babu. Sai da suka isa gindin kanyar Marka ta ji hannunta ya taɓa ƙarfe, saiwa ta naɗe shi.

Tsoho ya durƙusa ya yi sallama, ya yi addu'a mai tsawo, 'ya'yan suna amin. Sannan ya yi ƙasa da murya ya ce, "Lantana, na makara, ki yafe mini. Ga Sallau, ga Ɗayyabu, sun zama mutane. Ga kuma wadda kika tambaya." Ya lalubo fuskar Marka da hannu biyu ya riƙe, ya daɗe bai saki ba. Ita kuwa ta kife kanta a kan ƙasar nan tana cewa Inna, sunan da ba ta taɓa kiran kowa da shi ba.

Da za su tashi, tsoho ya ce a ba shi makullin motar. Ya riƙe shi a tafin hannu ya miƙa gaba, tunda ba ganinsu yake ba. Ya ce, "Ni na gama da ita. Ba ta sayarwa ba ce, ba kuma ta rabo ba ce. Na ba da ita kyauta tun ina da rai. Wanda ya kawo ni wurin uwarku a cikinku, ya karɓa."

Ba wanda ya miƙa hannu. Tsoho ya riƙe har ya gaji ya sauke hannu. Bai ƙara sati uku a duniya ba, kuma har ya tafi bai ambaci suna ba. Yau motar tana nan a wata rumfa a gidansu, ukun suna zuwa su goge ta, kowa yana so, kowa yana jin nauyin ɗan'uwansa.

To, ga ku ga su. Da Sallau bai ta da injin ba, da ba a motsa daga ƙofar gida ba. Da Ɗayyabu bai samo tayoyi da igiyar mita ba, da an je an wuce ta ba a sani ba. Da Marka ba ta tono hanyar ba, da sai dai a yi ta yawo a daji. Kai Ilu, kai ka fi kowa baki, fara: a cikin su ukun nan, wa ya kai Malam Tanimu wurin Lantana?