Zaman Musbahu a Gaban Bango

Akwai wani manomin tumatir a Bunkure mai suna Musbahu, wanda kowa ya shaida zafin zuciyarsa. Aka tura shi Japan kwas ɗin noman rani, ya dawo da abin da ba a aike shi ɗaukowa ba, wai zaman Zen, wani zaman natsuwa irin na mutanen can.

Bayan sallar asuba sai ya hau matashi, ya tanƙwashe ƙafa, ya miƙe baya, ya fuskanci bango yana bin numfashinsa. Ba magana, ba motsi.

Matarsa Rufaida ta rasa gane kansa, ta kirawo Baba Dattijo, ƙanin mahaifinsa, ya zo ya yi masa tofi.

"Kai Musbahu, wa kake bauta wa a jikin bangon nan?"

"Ba kowa, Baba. Sallata tana nan. Wannan zama ne kawai."

"To me kake nema a ciki?"

"Tsohon da ya koya mini ya ce kada in nemi komai."

Baba Dattijo ya riƙe baki. "Har Japan ka je koyon zaman banza? Ai da ka zo majalisarmu."

Maganar gaskiya, shi kansa Musbahu a ruɗe yake. Ya ɗauka zai riƙa jin kansa wasai. Ina! Gwiwa na zogi, tunani kuwa kamar kasuwar Kura: tsutsar tumatir, taki, wata baƙar magana da aka yaɓa masa bara. Wani lokaci fushi ya taso haka siddan, ya ji zafinsa a ƙirji, ya zuba masa ido har ya lafa da kansa. Kullum ya tashi sai ya tambayi kansa ko ɓata lokaci yake yi.

Rannan layin ban-ruwa ya zo kansa. Tumatirinsa ya yi fure, ganye duk ya yi yaushi, in ruwan yau ya wuce shi furen zubewa zai yi. Ya isa gona ya tarar da hanyar ruwa a bushe ƙamas.

Can sama ya hango an toshe ta da buhun ƙasa. Ga kuma Sunusi a wurin, maƙwabcin gonarsa da ba sa ga maciji.

Idon Musbahu ya rufe. Ya sungumi fartanya ya nufe shi, niyyarsa ba mai kyau ba ce.

Yana dab da shi sai ya ji zafin nan a ƙirji, irin na gaban bango sak. Ya ja numfashi, ya sake ja. Fushin bai tafi ba, amma hannunsa bai ɗaga ba.

A wannan ɗan tsaikon ne ya ga abin da ke faruwa. Ashe gefen hanyar ruwansa ce ta ɓalle. Da ruwan ya taho da ƙarfinsa, da ya share masa rabin gona. Shi ya sa Sunusi ya tare ruwan da buhu, ga shi cikin taɓo har gwiwa, yana cike gurbin da hannu.

Sunusi ya ɗago yana haki. "Alhamdu lillahi, har da fartanya ka zo! Kama can, malam, tun ɗazu ni kaɗai nake fama."

Kunya ta kama Musbahu har hawaye ya zo masa. Ya sunkuya ya hau sara ƙasa, don kada Sunusi ya ga fuskarsa.

Darasi: Ba lallai fushi ya bar zuciyarka ba, amma ka koyi tsayawa ka dube shi kafin ya kai hannunka. Wanda ka ɗauka yana cutarka, wataƙila gyara yake yi maka. Ku tura wa mai saurin hannu da kuka sani, ko Allah zai sa ya dakata.