Sa Ɗaya Ba Ya Jan Garma

Akwai wani manomi da yake da san huɗa guda ɗaya. Maƙwabciyarsa gwauruwa ce, ita ma tana da sa ɗaya, wanda mijinta ya rasu ya bar mata tare da marayu. Tun mijin yana da rai suke haɗa shanun nan a karkiya ɗaya, yau a yi huɗa a gonar wannan, gobe a gonar wancan. Da huɗar nan gidajen biyu suke cin tuwo.

Da rani ya yi, manomin ya tafi birni, ya sami aikin kai albasa ɗakin girkin wani babban otal. A cikin otal ɗin kuwa akwai gidan caca. Mai raba karta a gidan, mutum ne mai fara'a da bakin zuma, yakan fito baya ya ci abincin rana tare da ma'aikata. Wata rana ya ce wa manomin, “Abokina, zo in koya maka ashirin da ɗaya. Ba caca ba ce, lissafi ne.”

Ku ji ƙarya tsirara! Amma manomin ya gyara zama.

Mai rabon ya ce, “Zan ba ka karta biyu, ka haɗa lambobinsu. In kana son wata, ka ce ƙara. In ka gamsu, ka ce ya isa. Wanda ya fi kusa da ashirin da ɗaya tsakanina da kai, shi ya ci. Kada dai ka wuce. In ka wuce, ka ƙone.”

Da ƙwayoyin gyaɗa suka fara, kullum kuwa manomin ne yake kwashewa. Mai rabon yana ta yaba masa, wai bai taɓa ganin kaifin kai irin nasa ba. Mutumin da ya yi shekaru yana watsa wa kaza tsaba in zai kama ta, bai gane tsabar da ake watsa masa ba. Bai kuma lura da abu ɗaya ba: a wasan nan baƙo ne yake fara ɗaukar karta, in ya ƙone an kwashe nasa tun mai gida bai buɗe tasa ba.

Sai ya ce a ransa, “Na iya. San nan nawa ne, ba na kowa ba. Bari in sayar da shi in riɓanya kuɗin a wasan nan, kafin damina in sayi biyu.” Ya koma gida, ya kwance san ya kai kasuwa, bai ce wa gwauruwar uffan ba.

Ya koma birni da kuɗin, ya shiga gidan cacar, ya zauna a teburin gaske. Ga abokin nasa a tsaye, fuska a ɗaure kamar bai taɓa ganinsa ba. Manomin ya ci sau ɗaya, ya ci na biyu, zuciyarsa ta kumbura. Daga nan ya yi ta cewa ƙara, yana ƙonewa, yana sake cewa ƙara, har san nan ya shige aljihun gidan, ƙaho da wutsiya.

Da ruwan shuka ya sauka, gwauruwar ta jawo santa, 'ya'yanta suna ɗauke da karkiya, suka tsaya a ƙofar gidansa. Ta ce, “Baban Rifkatu, fito da naka, ƙasa ta jiƙa.”

Ya fito yana sunkuyar da kai, ya ce, “Inna, na sayar. Amma ai nawa na sayar, ban taɓa naki ba.”

Ta dube shi, ta dubi karkiyar, ta ce, “To, zo ka nuna mini wuyan da zan ɗora ɗaya gefen.”

Shekarar nan da fartanya ta yi noma, ita da marayunta, rabin gonar ma ba su kai ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: san nan shi ne duk abin da Ubangiji ya danƙa a hannunka, ƙarfinka, albashinka, gonarka. Mai raba karta shi ne Maruɗi, wato Shaiɗan, wanda yake koyarwa kyauta, ya karɓi ladansa daga baya. Gwauruwar kuwa ita ce duk wanda abincinsa yake rataye a kan amincinka.

Abin da ya fi ba ni haushi, 'yan'uwa, shi ne kalmar nan, “nawa ne.” Na sha jin ta a bakin masu zuwa majami'ar nan. Wai kuɗina ne, guminna ne, ina ruwan wani? Da ruwan matarka. Da ruwan ɗanka da aka koro daga makaranta, da tsohuwarka da take jiran magani. Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a caca wanda bai taɓa riƙe karta ba shi yake fara jiƙewa.

Allah bai halicci kowa da karkiyarsa shi kaɗai ba. Kafin bakinka ya ce ƙara, waiwaya ka ga wanda yake tsaye a ƙofar gidanka da sa ɗaya. Wanda aka ba kunne, kada ya bar maganar nan a kan benci.