Dutsen Farko Ba Ya Rabuwa

Ranar Talata ce, tsakiyar bazara, rana ta take, babu ko iska. Dagaci ya aiko wa tsoho Gambo cewa masu fasa tsakuwa za su karɓi dutsen da ke bayan gonarsa, wanda iyayensa ke kwance a gindinsa. Sai fa in ya nuna akwai abin da ya fi tsakuwa a ciki kafin ruwan farko.

Gambo ya ce wa ɗan aiken, "Ka gaya masa dutsen nan ya girmi rawaninsa."

Ya faɗa dai, amma ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. Sai ya zuba wa 'ya'yansa uku ido: Lantana da Nomau da Jatau.

Lantana maginiyar tukwane ce. Ta san gara na haƙo ƙasa daga can ƙarƙashi, sai ta bi surin da ke kewaye da dutsen ɗaya bayan ɗaya, tana wanke ƙasarsu a ƙwarya. Mata suka ce ta zare. A wani suri ta ga ɓarɓashin ƙyalli da ƙwayoyi shuɗaye. Ta share ciyawa a wurin, ga farar jijiya ta ratsa baƙin dutse. Ta ce, "Nan za a sara."

Nomau ya ɗauki guduma da cizal. Mahaƙa suka ce, "Kai, sa nakiya ka huta!" Ya ƙi, don nakiya na farfasa abin da ake nema. Ya bi jijiyar da hannu har tafinsa ya tsattsage. Tsinin dutse ya tashi ya kashe masa ido ɗaya. Ya ɗaure da tsumma, ya koma rami.

Masu tsakuwa ba su jira ruwa ba, suka turo katafila. Jatau ya shimfiɗa buzu a tsakiyar hanya ya zauna. Direba ya ce, "Malam, tashi!" Jatau ya ce, "Taka ni ka wuce." Aka yi masa duka, aka kulle shi. Da aka sake shi, kan buzun ya koma. Haka ya riƙe su har hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Ana cikin haka cizal ɗin Nomau ya faɗa wani kogo. Ya zura hannu cikin laka, ya zaro akwamarin, shuɗin dutse mai daraja, mai tsawon kamu, garau kamar ruwan rijiya, ba tsaga ko ɗaya. Dagaci ya gani, katafila ta juya.

To a ƙa'idar mahaƙa, dutsen farko ba a sayar da shi, ba a raba shi. Wanda aka danƙa wa shi ne uban rami, maganarsa ake bi. Kowanne cikin ukun ya ce ba zai zauna ƙarƙashin ɗan'uwansa ba.

Da gari ya waye Gambo ya sa aka fito da shi ƙofar gida, ya ajiye dutsen a kan tabarma, ya kira su. Har yanzu bai miƙa hannu ba.

Ku da kuke zaune, a tafin wa za ku sa shi: wadda ta gano, wanda ya sara, ko wanda ya tare hanya?