Kamu Biyu a Ƙarƙashin Ɗakin Barakatu

Da sunan Allah na fara. Mutanen wannan labari su ne Malam Mato mahauci, da Hannatu matar ƙanensa, da Yacouba mai haƙar rijiya, da Iya Barakatu mai koko, wadda mijinta ya rasu ya bar ta ita kaɗai. Na biyar ɗinsu shi ne ƙanen Malam Mato. Ba zan faɗi sunansa ba, domin jikokinsa suna sahu ɗaya da mu a masallaci.

Ƙanen nan wani mutum ne da aka yi a nan Zangon Lome, mai masaukin fatake. Baƙo yakan zo daga arewa da kaya, ya sauka a zaurensa, ya ba shi ajiya, shi kuma ya nemo masa mai saye. Sana'a ce wadda jarinta amana ne. Amma da tafiya ta yi nisa, mutumin nan ya ƙosa da idon mutane. Buhun shinkafa ba ya shiga gidansa sai an sami ɗan uwan da ya biyo shi da sallama.

A zamanin jam'iyya ɗaya, lokacin da mutum yake tauna magana kafin ya furta, aka tashi tsohon Zango daga tsakiyar gari, aka kai mu sabon wuri. Kowa ya sami fili da turaku a kusurwoyinsa, kowa ya shiga gini da ragowar ƙarfinsa. Filin mutumin nan ya yi iyaka da na Iya Barakatu, wadda ta riga ta kafa ɗan ɗakinta daf da turke.

Ya taɓa kai kaya wani gida a kan tudun unguwar Totsi, inda ya ga ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, mai sanyi, ba taga, ba mai leƙe. Tun daga ranar ɗakin bai bar zuciyarsa ba. Abin da yake hannunsa ba zai isa zaure da ɗakin ƙasa duka biyu ba, sai ɗaya. Ya kai maganar wurin yayansa. Malam Mato ya ce nan kwari ne, akuya ma in ta tona sai ta jiƙa kofato, kuma mai masauki ba zaure ai mahauci ne ba wuƙa. Hannatu ta ce ita ba ta taɓa jin Musulmi ya haƙa wa kansa ɗaki a ƙasa tun yana da rai ba. Ya saurare su duka, sa'annan ya kira Yacouba.

Da rani aka yi haƙa, ƙasa ta bushe, aiki ya yi daɗi. Da ramin ya kai iyaka, sai ya ga ya yi masa kaɗan. Ya dubi turken a sama, ya dubi bangon ramin a ƙasa, zuciyarsa ta ce masa turke a sama yake tsare iyaka, ƙasa kuwa ba mai gani. Ya sa Yacouba ya kurɗa kamu biyu a ƙarƙashin ɗakin tsohuwa. Yacouba ya noƙe, aka ƙara masa lada, ya ɗauki dagi. Suna haƙa suna jin ƙarar taɓaryarta a bisa kansu.

Ya 'yan uwa, wa ya gaya masa cewa ƙasa ba ta da ido?

Aka rufe ɗakin da siminti, aka cika shi da shinkafarsa da atamfofin fatake. Ya sami abin da yake so, ba mai roƙonsa. Sai dai barcinsa bai ƙaru ba.

Da damina ta kankama, ruwa bai shigo ta ƙofa ba. Ta ƙasa ya ɓuɓɓugo, a hankali, ya hau ƙafar buhunan. Kun san al'adarmu: in ruwa ya shiga gidan ɗaya, unguwa takan fito da bokitai a yi layi, hannu ya ba hannu har a kwashe. Wata safiya Malam Mato ya zo da mutane, kowa da bokitinsa. Mutumin nan ya tsaya a bakin ƙofa. Ya san duk wanda ya sauka ramin zai ga inda ya dosa. Ya ce musu ɗan laima ne kawai, su koma, Allah ya saka da alheri.

"Ƙanena, wandonka jiƙe yake har gwiwa," in ji Malam Mato.

"Alwala na yi, Yaya."

Suka juya. Shi da Hannatu suka yi ta kwasa, ruwa yana dawowa. Bayansa ya sage, tafin hannunta ya yi kanta. Ta roƙe shi ya gaya wa tsohuwa ko don ta kwashe shimfiɗarta, ya ce a bari ruwa ya ja tukuna. Hannatu ta je da kanta ta ce wa Iya Barakatu ta zo ta taya ta tsintar wake a rumfar Malam Mato, ta riƙe ta da hira wuni guda.

Bayan azahar ƙasa ta zame. Ɗakin Iya Barakatu ya durƙusa ya shige ramin, da gadonta da tukwanen kokonta, ya ja katangar sabon gidan ta bi shi. Abin da aka ɓoye wa bokitai ya fito fili, kowa ya gani. Shinkafa ta kumbura ta fasa buhuna, warinta ya hana unguwa sakat. Atamfofin fatake suka fito da launin taɓo. Mutumin nan ya sayar da abin da ya rage ya biya wasu fataken, wasu suka bar shi da Allah. Tun daga nan ba baƙon da ya sake tambayar gidansa. Wanda ya ƙi gina zaure, a zauren yayansa ya ƙare kwanakinsa, a kan tabarmar baƙi.

Can Iya Barakatu ta same shi wata rana, bayan unguwa ta tayar mata da wani ɗakin. Ya kasa ɗaga kai. Ta ajiye masa kwanon koko, ta daɗe tana dubansa.

"Alhaji," ta ce, "kamu biyu ne fa. Da ka tambaye ni, da na matsar da ɗakin na ba ka."

Ya 'yan uwa, ya zo a hadisi cewa wanda ya zalunci taƙi ɗaya na ƙasa, za a rataya masa shi a wuya daga ƙassai bakwai. Iyaka ba ta tsaya a kan turke ba. Kuma ku lura, ba ruwa ne ya ci mutumin nan ba, domin taimako ya zo har ƙofarsa. Zunubinsa ne ya tsaya a ƙofar ya sallami taimakon. Duk abin da za ka gina wanda ba ka iya barin maƙwabci ya shiga, ka sake shawara kafin ka kira mai haƙa. Mun daɗe muna faɗin wannan, har murya ta dushe, kuma har yau ana matsar da turaku.

Ni da furfura na koyi riƙon alƙalami. Wanda ya ga kuskure a nan, a suna ko a harafi ko a hadisi, ya gyara mini don Allah. Allah ya kiyaye mu da haƙƙin maƙwabci, na sarari da na ƙarƙashin ƙasa. Amin.